Ranar da Attahiru Ya So Ya Riga Rediyo Ganin Wata

A Tungar Gawo, can cikin ƙasar Bagudo, inda mutum kan fita gona da safe ya taka ƙasar Dahomai bai sani ba, an yi wani dattijo mai suna Attahiru, wanda Allah bai halicci abin da ba shi da ra'ayi a kansa ba. Ya taɓa zuwa Sakkwato da ƙafa tun yana saurayi, kuma tun daga wannan tafiya ya gama sanin duniya. Zuwan Turawa bai yi masa ba. Tafiyarsu ma, da aka yi bara, ba ta yi masa ba, domin duka biyun ba a shawarce shi ba. Ƙuri'a a wurinsa wasan yara ce: mutum ya jefa takarda cikin akwati, ya koma gida yana cewa ya naɗa shugaba. Burodi abincin marasa haƙora ne. Wando mai aljihu shi ya kawo rowa cikin Musulmi. Agogo kuwa rashin kunya ne ga rana.

Duk wannan karatu yakan bayar da shi ne a ƙofar gidansa, ƙarƙashin wani ƙaton gawo mai sanyin inuwa. Da an sallame La'asar sai maza su cika wurin, shi kuma ya hau buzunsa ya gyara rawani ya fara. Ba lallai su yarda da shi ba, amma suna zama, kuma zaman nan shi ne abincin ransa. Attahiru ba shi da shanu, ba shi da sarauta, gonarsa ma ba abin nunawa ba ce. Majalisar nan ita ce dukiyarsa.

Sai Ɗanmusa, wani fatake mai safarar goro, ya dawo daga Kurmi da akwatin rediyo, da batirinsa mai girman tubali. Ya ɗora shi kan turmi a ƙofar shagonsa, ya murɗa, wani mutum daga Kaduna ya yi sallama da murya mai daɗi. Kafin a ce me, majalisar gawo ta tashi ta koma can. Aka bar Attahiru da buzunsa da awakin maƙwabta. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Amma bai tabbatar ta ɓaci ba sai ranar da wanzamin garin, yana cikin yi masa aski, ya ba shi labarin da bai sani ba, ya kuma gyara masa sunan wata ƙasa.

Ya fara da Liman Bunyaminu. Ya same shi a zaure, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya sauke abin da ya kawo.

"Allah shi gafarta Malam, akwatin ga na Ɗanmusa, ya kamata ka hwaɗi wani abu ran Juma'a. Murya babu jiki, ai mun san masu irin wagga murya."

"Wace murya?" in ji Liman. "Tahsiri nika ji ciki da hantsi. Malamin ya iya."

"Malamin da ba a ganin gemunshi?"

"Kai da aka ganin naka, Attahiru, wace sura kat taɓa hwassara muna?"

Attahiru ya ce ba wannan ya kawo shi ba, ya tattara rigarsa ya fita.

Washegari ya yanke shawarar ya tari akwatin gaba da gaba. Ya ratsa taron da ke ƙofar shagon, ya tsaya a gaban turmi, ya harɗe hannu a baya. Mutumin Kaduna na cikin bayanin yadda za a gina makarantu.

"Tsaya nan!" in ji Attahiru. "Da kuɗin wa?"

Mutumin Kaduna ya wuce zuwa maganar asibiti.

"Kun gani? Ba shi da amsa. Kuma ku dibi rashin ladabi, dattijo na magana shina magana."

"Baba Attahiru, kauce, ka tare muna murya," in ji wanzami.

Wasu suka ce, "Shhh." A iya rayuwarsa ba a taɓa ce masa haka ba. Ya koma gida yana huci, ya tarar da matarsa Sabuwa ta jingina tsani da katanga, ta hau, ta karkata kunne wajen shagon Ɗanmusa, taɓarya a hannunta.

"Ke ma?"

"Waƙa ta suka sa wa, Malam. Kai ba ka yi muna waƙa."

A haka aka shiga azumi, azumin farko tun da aka sauke tutar Turawa. Zafi ya yi zafi, kogin Kwara ya ja baya ya bar yashi, mutane suka koma kwanciya a inuwa suna jiran faɗuwar rana. Da watan ya tsufa, sai Ɗanmusa ya faɗi maganar da ta ƙarasa tunzura Attahiru. Ya ce bana ba sai kowa ya wahalar da wuyansa yana leƙen sama ba, rediyo zai faɗi ko an ga wata.

To, ganin wata shi ne abin da Attahiru ya fi taƙama da shi a duniya. Yakan ce shekara da shekaru shi ke fara ganinsa a Tungar Gawo. Gaskiyar maganar ita ce shi ke fara ihu bayan wani ya nuna. Amma ya daɗe yana faɗin haka har shi kansa ya yarda. Ya kwana biyu ba ya magana da kowa, sannan ya naɗa rawani ya nufi fadar Maigari, ya ce a kira Liman da Ɗanmusa.

"Ranka shi daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Wata daga ina shika hitowa?"

"Yamma," in ji Maigari.

"Kaduna hwa, ina take?"

"Gabas."

"To, ta ƙaƙa mai gabas za shi riga mai yamma? Mu muna bakin ƙohwar wata, sannan mu aika gabas a tambayo muna ko ya hito? Wanga shi na 'yancin kai?"

Har Liman sai da ya shafa gemu, domin maganar ba ta rasa kan gado ba. Wannan shi ne abin haushi da Attahiru: yakan fara da gaskiya.

Ya shimfiɗa shirinsa. A kan iyaka, yamma da gari, akwai wata tsohuwar kuka da ta fi kowane itace tsawo. Ranar ashirin da tara zai hau ƙololuwarta. Ɗanliti maharbi zai tsaya kan wani suri a tsallaken fadama da bindigarsa. Da Attahiru ya ga wata zai kwance rawani ya kaɗa, Ɗanliti ya saki bindiga, gari ya ji, a buga ganga. Sharaɗinsa guda ne: tun daga Azahar a kulle akwatin Ɗanmusa cikin rumbun Maigari har gari ya waye, don kada akwatin ya ji bindiga ya ce shi ya gani.

"In nik kawo wata, akwati shi bar bakin hanya, shi koma ɗakin mai shi. In ban kawo ba, a yi min abin da anka ga dama."

Maigari ya amince da sauri, domin shi ma fadarsa ta fara yin fili tun zuwan akwatin. Ɗanmusa ya yi dariya ya ce ya yarda. Liman ya ce shi dai shari'a shaidu biyu take so, ba bindiga ba. Attahiru ya ce idonsa biyu ne.

Ranar ashirin da tara, bayan La'asar, aka ga Attahiru ya fito cikin kayan sallarsa: babbar riga mai aiki, farin rawani sabo fil, ya kuma juye rabin kwalbar turare a jikinsa. Ya ce ba ya taryen wata da tsumma. Sabuwa ta bi shi da goran ruwa da dabino don buɗa baki.

"Malam, rabonka da hawan icce tun kahin a haihi ɗiyarmu Jummai. Jummai ko yanzu da jikoki."

"Hawa ba a mance shi. Ke dai ki jiƙa shinkahwa."

Ɗanliti ya goya shi a keke har bakin fadama, ya haye surinsa, ya ɗura albarushi. Attahiru ya ƙarasa gindin kuka shi kaɗai. Da ya duba sai ya ga an kafa turaku a jikinta, ɗaya bisa ɗaya har sama, kamar tsani. Ya gyaɗa kai cikin gamsuwa. Ga shaida nan, mutanen dā ma nan suke hawa duban wata, kafin zamani ya lalace.

Yana tattare riga sai ga Yero, wani makiyayi da ke da ruga kusa, ya koro shanunsa za su gida. Ya tsaya ya jingina da sanda.

"Baffa Attahiru, ina za ka?"

"Bisa."

"Turakun ga ni nik kahwa su. Amyata ta zuma na can bisa, ta cika, jibi nika son in sha ta."

"Ba zumarka ta kawo ni ba. Aikin addini na."

Yero ya shaƙi iska, ya ja da baya kaɗan.

"Da turaren ga za ka hau? Baffa, ba su son ƙamshi. Ni in za ni hau sai na shahwa kashin shanu."

"Kai ke nan. Ƙudan zuma sun san mai azumi."

Yero ya ce to, Allah shi ba da sa'a, ya kora shanunsa. Amma bai yi nisa ba, ya sami wuri ya tsuguna, domin a ganinsa irin wannan kallo ba kullum ake samunsa ba.

Hawan ya ɗauki lokaci. Takalmi ɗaya ya faɗo tun a turke na farko. Goran ruwa ya bi shi. Rigar ta yi ta kama rassa kamar tana roƙonsa ya koma. Duk da haka ya kai, yana haki, maƙogwaro ya bushe. Can sama ya tarar da wani dogon abu an naɗe shi da ciyawa an ɗaure tsakanin rassa biyu, daidai zaman mutum. Ya sake jinjina wa mutanen dā, har wurin zama sun tanada. Ya haye shi kamar doki, ya fuskanci yamma.

Rana ta faɗi. Yamma ta yi ja, hayaƙin masu ƙona daji ya kwanta a kanta. Attahiru ya ware ido bai ga komai ba. Ya ƙanƙance ido bai ga komai ba. Ya fara ƙosawa, ya shiga buga dunduniya a jikin abin da yake kai, yana ƙwanƙwasa shi da yatsa. Sai ya ji wani ƙugi a ƙarƙashinsa. Ya ɗauka cikinsa ne.

Na farko ya same shi a fatar ido. Na biyu a hanci. Daga nan lissafi ya ɓace. Suka shiga ta wuyan riga, suka shiga ta hannu, babbar riga kuwa ba ta hana baƙo masauki. Attahiru ya manta da wata, ya manta da Kaduna, ya fizge rawani ya shiga kaɗawa hagu da dama da iya ƙarfin da ya rage masa.

Can kan suri, Ɗanliti ya hango farin ƙyalle yana tashi yana sauka cikin jan sama. Ya ce a ransa, wannan kaɗawa ba ta ƙaramin wata ba ce. Ya ɗaga bindiga ya saki, ƙararta ta cika fadama. Ya haye keke ya nufi gari a guje don kada wani ya riga shi karɓar goron albishir.

Ƙarar ta sa Attahiru ya zabura, ya sulluɓe daga kan amya. Allah ya taimake shi wani reshe ya kama bayan rigarsa, ya tsaya yana lilo tsakanin sama da ƙasa yana salati. Gindin kukar a Nijeriya yake. Reshen kuwa ya miƙa yamma.

Kusa da wurin akwai wata 'yar rumfa ta jandarmomin Dahomai, mutum biyu, waɗanda tun da ƙasarsu ta sami 'yanci aka ba su sabon kaki, amma ba abin da ya taɓa faruwa a gabansu sai wucewar jakuna. Da suka ji bindiga sai suka taho da gudu, farin ciki fal fuskarsu. Yero ya hura busasshen kashin shanu ya yi hayaƙi, ƙudan suka lafa, ɗaya jandarman ya hau ya yanke rigar. Attahiru ya faɗo tim cikin ƙasar Dahomai.

Babban cikinsu yana jin Hausa. Ya tsaya a kansa ya miƙa hannu.

"Takarda."

"Wace takarda? Wata niz zaka dubi."

"Watan Nijeriya ko na Dahomai?"

"Wata na Allah na!"

"To, amma ƙasa tamu ta. Ka shigo ba takarda, ka shigo da bindiga, kuma ka shigo ta sama."

Attahiru ya so ya yi musu bayanin yadda Faransa ta lalata su da burodi mai tsawon sanda, amma leɓensa ya riga ya kumbura, maganar ba ta fita daidai ba. Suka tasa shi gaba zuwa rumfa.

A gari kuwa, ana cikin shan kunu aka ji bindiga daga yamma. Maza suka miƙe. Makaɗi ya rungumo ganga. Liman Bunyaminu ya ɗaga hannu ya ce a dakata, wannan shaida ɗaya ce, ita ma ba ta iso da bakinta ba. Ana cikin haka sai aka ji wata bindigar, tim, daga kudu maso yamma, wajen wani ƙauyen Dandawa da ke tsallaken iyaka. Jim kaɗan wata ta amsa daga arewa.

Al'adar ƙauyukan wannan yanki ce tun kaka da kakanni, in wani gari ya ga wata ya buga bindiga, na kusa da shi ya buga tasa don na gaba ya ji. Kowa ya san haka. Amma a wannan maraice, da yunwar wata guda a ciki, ba wanda ya ga dalilin tunawa.

"Allah shi gafarta Malam, ga shaidu nan har da saura," in ji Maigari.

Ɗanliti ya iso yana zufa, ya rantse cewa tun da yake bai taɓa ganin mutum ya yi murnar wata kamar Attahiru ba, har ya baro shi yana tsalle a kan reshe. Liman ya ce to, Allah ne masani. Aka saki ganga. Mata suka yi guɗa, turame suka ɗauki amo, aka kwaɓa lalle. Ɗanmusa ya matso ya ce ko za a buɗe rumbu a ɗan ji ta bakin akwati. Maigari ya ce alkawari alkawari ne. Da Sabuwa ta tambayi ina mijinta, aka ce mata wataƙila ya wuce ƙauyuka karɓar gaisuwa. Ta ce wannan kam halinsa ne, ta koma kan tukunyarta.

Da asuba Sarkin Fawa ya kayar da bijimin da ya yi wata uku yana kiwo. Gari ya waye kowa ya karya, wasu da tuwon shinkafa, wasu da fura, wasu suka haɗa duka biyun don rama abin da ya wuce. Aka sha ado, aka fita filin idi ana taunar goro. Aka jera sahu. Liman ya ce ba zai tayar da salla ba sai mai ganin wata ya zo ya faɗa da bakinsa. Aka zauna jira, rana tana hawa.

Sai ga wasu fataken albasa daga Zagga sun biyo hanya da jakunansu, leɓunansu a bushe. Suka tsaya suna kallon jama'a, jama'a na kallonsu.

"Lahiya, bayin Allah?" in ji babbansu. "Suna akai?"

"Salla mukai. Ku ba ku ji ba?"

"Wace salla? Zagga azumi akai. Bagudo azumi akai. Mun biyo ta Matsinkai, ko tsuntsu bai sha ruwa ba."

Muƙamuƙai suka rage sauri. Maigari ya buɗe baki zai ce mutanen gabas kullum a baya suke, sai aka hango ayari daga yamma. Jandarma biyu a gaba, Yero a baya da sandarsa, wani dattijon Dandawa cikin kayan salla a gefe, a tsakiya kuma jaki ɗauke da wani mutum mai rabin riga da takalmi ɗaya. Fuskarsa ta yi kamar ƙwaryar da aka kife, idanun sun shige ciki ba a ganin ko alamarsu. Sai da ya yi gyaran murya aka gane shi.

Babban jandarma ya sara wa Maigari, ya ce sun dawo da shi ne don sun gaji. Tun jiya yake koya musu yadda ake mulkin ƙasa.

Aka sauke shi, aka juya shi ya fuskanci Maigari, domin da farko jakin yake yi wa gaisuwa.

"Attahiru," in ji Liman, "tsakaninka da Allah, ka ga wata?"

"Allah shi gafarta Malam, saura kaɗan."

"Mi as saura kaɗan?"

"Wurin da za shi hito na gane shi sarai. Da an ba ni lokaci da na kawo shi."

"To, rawanin hwa?" in ji Ɗanliti. "Ka kaɗa ko ba ka kaɗa ba?"

"Na kaɗa, ban musu ba. Amma ba kai nika kaɗa ma ba. Maharbin kirki ya kamata shi san bambancin kaɗawar wata da ta neman agaji."

Liman ya juya wajen dattijon Dandawa. "Ku hwa, wa ag gani wajenku?"

"Mu? Taku munka ji munka buga. Na zaka in yi ma mai ido barka na."

"Mu ko taku munka ji munka tabbatar," in ji Maigari a hankali.

Attahiru ya ga, ko kuwa a ce ya ji, cewa filin ya zama nasa, sai ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, ku duba abin ga da kyau. Zamanin dā ƙudan zuma ba su harbin dattijo. Tun da anka cika iska da muryoyin Kaduna, dabbobi sun rikice. Ga kuma iyaka, icce guda ƙasa biyu. Wanga duk aikin siyasa na."

"A buɗe rumbu," in ji Maigari.

Aka kawo akwatin da ƙaiƙayi a kansa, aka ajiye gaban sahu inda Liman ya kamata ya tsaya. Ɗanmusa ya hure shi, ya murɗa. Aka sha 'yar waƙa. Sannan mutumin Kaduna, da muryarsa mai daɗi, ya yi wa masu sauraro barka da talatin ga azumi, ya ce su ƙara haƙuri, gobe in Allah ya kai mu salla.

Aka ji furzar da goro ta ko'ina. Sarkin Fawa ya nemi ƙasa ya zauna. Wani mai kumatu cike da dabino ya rasa ko ya haɗiye ko ya tofar, ya tsaya haka nan yana kallon Liman.

Liman ya yanke abin da shari'a ta ce: kowa ya kame bakinsa har faɗuwar rana, bayan salla kuma kowa ya rama yini guda. Wani gunaguni ya tashi daga sahun baya ya taho gaba. Maigari ya ɗaga hannu.

"Attahiru, kai kac ce a yi maka abin da anka ga dama."

"Magana ta, ranka shi daɗe, irin wadda aka yi."

"To, mun ga dama. Ranar ramuwa gari duka ƙohwar gidanka za shi yini. Kunun buɗa baki daga rumbunka. Da namu da na Dandawa."

Aka yi salla washegari da naman jiya. Bayan kwana kaɗan ranar ramuwa ta zo, ta kuma zo da zafin da ba a yi irinsa ba duk azumin. Tun da hantsi maza suka fara isowa ƙarƙashin gawo da tabarminsu. Wanzami ya zo, Sarkin Fawa ya zo, Liman ya zo, Dandawa suka tsallako iyaka da nasu buzaye, har jandarman nan mai jin Hausa ya zo, ya ce shi ma ya karya a kan bindigar. Inuwa ta cika har ta kasa. Tun da aka dasa gawon bai taɓa ganin taro irin wannan ba.

Attahiru ya fito, ido ɗaya ya fara buɗewa. Ya tsaya a bakin zaure yana kallonsu, zuciyarsa ta yi fari duk da komai. Ya hau buzu, ya gyara abin da ya rage na rawani, ya yi gyaran murya.

"Wato, jama'a, ita wagga magana ta ƙuri'a..."

Ɗanmusa ya iso da akwati a ka. Ya wuce ta gabansa da sallama, ya ajiye shi can ɗaya gefen inuwar, ya murɗa. Taron duka ya juya, tabarma bayan tabarma.

Attahiru ya daɗe zaune bakinsa a buɗe. Daga baya ya tashi ya leƙa cikin gida, inda Sabuwa da matan unguwa ke surfa geron da ya tanada don damina.

"Sabuwa," ya ce ƙasa-ƙasa, "leƙo ki gani. Majalisa ta cika."

Ta ajiye taɓarya, ta share zufa, ta leƙa ta kan kafaɗarsa.

"Ta cika, Malam," ta ce. "Ban taɓa ganin ƙeya da yawa hakanga ba."